Abin da Ke Ƙarƙashin Tayil: Nazarin Ciko, Leda da Kankare a Gidajen Funtua da Malumfashi

Duk mai shiga sababbin gidaje a Funtua, Bakori, Ɗanja, Ƙafur ko Malumfashi ya san cututtuka uku da ke kama daɓen tayil. Ta farko tsaga ce, wadda kan taso daga bakin ƙofa ko daga kusurwa ta ratsa tayil biyar ko shida a jere, ba ruwanta da layin da ke tsakaninsu. Ta biyu holoƙo: ka ƙwanƙwasa da makulli ka ji amon kogo, wata rana kuma a wayi gari tayil biyu sun ɗago sun haɗa kai a tsakiyar falo. Ta uku danshi, wanda ke baƙanta layukan tayil da damina, ya hau gindin bango ya kumbura fenti, ya bar farin gari a wurin. Idan ɗaya daga cikinsu ta bayyana, hukuncin mai gida ba ya wuce biyu: ko dai tayil ɗin mai araha ne, ko kuma yaron da ya sa shi bai iya aiki ba.

Ra'ayin da wannan nazari zai kare shi ne, a wannan yanki akasarin laifin ba na tayil ba ne, sau da yawa ma ba na mai sa shi ba ne. An riga an yanke wa daɓen hukunci watanni kafin a sauke kwalin farko: ranar da tifa ta juye ciko, ranar da aka zuba kankare, da kuma watan da aka zaɓa a yi waɗannan ayyuka. Kaurin tayil bai wuce milimita 8 zuwa 10 ba. Yana jure dannawa ƙwarai, amma ba ya tanƙwaruwa ko kaɗan. Duk motsin da abin da ke ƙarƙashinsa ya yi, to a fuskarsa za a gani.

Daga daɓe zuwa tayil

Ɗakin Bahaushe ya daɗe da daɓe, kuma aikin mata ne. A shimfiɗa marmara ko tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe da madaɓai suna bugu suna waƙa har ƙasa ta haɗe ta yi sumul, sannan a bi ta da ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, ya ƙara mata tauri da duhun launi. Wannan daɓe yana da halaye biyu da ba a cika lura da su ba sai da aka rabu da shi. Danshin ƙasa yana ratsa shi ya fice ya bi iska, ba ya taruwa. Idan kuma wani gefe ya lotsa, ƙasa kwano biyu da bugun yini guda sun gyara shi.

Daɓen siminti da ya biyo baya ya rage waɗannan halaye amma bai kashe su ba. Yana tsagewa, a toshe da rabin buhu. Ledar ɗaki da aka riƙa shimfiɗawa a kansa ita ce ta fara tona asirin abin da ke gudana a ƙasa: ɗaga ta a watan Agusta, za ka tarar siminti ya yi baƙi ya jiƙe sharkaf, ga warin rima, alhali ba wanda ya zubar da ruwa. Wannan ruwa daga ƙasa ya hau, leda ta tare shi. Tayil ma yana tare shi, ga shi kuma ba ya karɓar faci. Saboda haka aikin da tsohon daɓe ke yi shi kaɗai, yanzu dole a raba shi ga hawa huɗu ko biyar da ke ƙarƙashi, kowanne da nasa: ciko ya ɗauki nauyi, dutse da leda su tare ruwa, kankare ya rarraba nauyi, shafen daidaitawa ya miƙar da fuska, gam ko kwaɓi ya riƙe tayil. Wanda aka tsallake a cikinsu, babu na sama da zai yi masa aikinsa.

Ƙasar yankin da matsalar ciko

Abin da ya sa kudancin Katsina ya zama rumbun masara, dawa, waken suya da auduga, shi ne ya sa gini a nan yake neman kulawar da ba lalle a nema a Daura ko Jibiya ba. Ruwan sama a kewayen Funtua yana kai wa kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba. Kogin Sakkwato ma daga nan kusa da Funtua ya samo tushe, ga fadamu da ƙoramu ko'ina. Saman ƙasar kuma, daga wajen Zariya har zuwa nan, ƙasa ce mai laushin gari wadda iska ta tara tun zamanin da, mai riƙe ruwa. A irin wannan ƙasa ruwa yana bin 'yan ƙananan kafofi ya hau sama da kansa fiye da mita ɗaya, abin da ba ya iyawa a cikin yashi mai kauri. Sai kuma watanni shida ko bakwai na rani su biyo baya, ƙasa ta bushe ta tsuke, lakar fadama ta dare har a iya zura hannu. Ƙarƙashin kowane ɗaki yana kumbura yana saɓewa sau ɗaya a shekara, ko mai ɗakin ya sani ko bai sani ba.

A ƙara da cewa yawancin sababbin unguwanni gonakin jiya ne da aka yanka fuloti. Ana fara gini kunyoyin bara ba su gama bajewa ba. Santimita 15 zuwa 30 na sama cike suke da saiwa, tushiyar kara da takin da aka shekara da shekaru ana zubawa. Ga manomi wannan ce ƙasa mai albarka, ga magini kuwa ita ce ta farkon kwashewa, domin duk abin da ke ruɓewa zai bar gurbi, kuma shi ne abincin gara. Amma abin da aka saba gani akasin haka ne. Ƙasar da aka haƙo daga ramin harsashi, da baƙarta da jarta, ita ake turawa cikin ɗakuna don a rage kuɗin tifa. Wani ya ƙara da ɓaraguzan tsohuwar katangar ƙasa mai cike da ciyawa, wani har da abin da ya kwaso daga juji.

Ko an sayo jar marmara mai kyau, yadda ake zuba ta shi ne babbar matsala. Tifa ta juye, leburori su kwashe da baro su cika ɗaki santimita 60 ko 90 a tashi ɗaya, a saki ruwa a kai yini guda, a tattaka, a ce ya zauna. Bai zauna ba. Kowa a nan ya san buhun masarar da aka cika ba a girgiza ba: a ɗaga shi a dire sau biyu, sai bakinsa ya sauka. Ƙarfin bugun hannu ba ya ratsa fiye da santimita 10 zuwa 15, shi ya sa ƙa'idar aikin ita ce a zuba ciko hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 15, a jiƙa shi daidai, a daɓe, sannan a ɗora na gaba. Gwajin jiƙon a tafin hannu yake. Ka damƙi ƙasar ka matse: idan ta dunƙule ba ta jiƙa maka hannu ba, ka sake ta ta faɗi ta rabu gida uku ko huɗu, ta yi. Idan ta watse gari, ta bushe da yawa, ba za ta daɓu ba. Idan ta manne maka a yatsu, ruwa ya yi yawa, sai a jira. Tara ruwa a ɗaki kamar tafki yana zaunar da yashi, amma marmara mai laka sai dai ta yi taɓo a sama, ƙasanta na nan sako-sako.

Lissafin abin da ke biyo baya mai sauƙi ne. Cikon santimita 60, ko da kashi 2 cikin 100 kawai ya sauka, ya bar gurbin milimita 12 a ƙarƙashin kankare. Kuma ba ya sauka bai ɗaya. Ya fi sauka a jikin bango da kusurwoyi inda bugu bai kai ba, da kan ramin bututun banɗaki da aka tona daga baya aka mayar da ƙasa da ƙafa. Shi ya sa tsaga ta fi son bakin ƙofa da hanyar bututu.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Vitruvius, masanin ginin Rumawa na ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, ya buɗe littafi na bakwai na aikinsa kan gini da batun daɓe, kuma yawancin bayaninsa a kan abin da ba a gani yake: duwatsu masu cika hannu a ƙasa, sannan ɓaraguzai da farar ƙasa waɗanda gungun ma'aikata za su yi ta bugu da itace, sannan garin fasasshen bulo da farar ƙasa, kafin a zo ga adon sama. Daɓen Rumawa da dama suna nan har yau bayan shekara kusan dubu biyu. Abin da ya haɗa su da matan da ke riƙe da madaɓi shi ne bugu, kuma shi ne abin da ginin zamani a yankinmu ya yar. Hayar injin daɓe ƙasa na yini ɗaya ko biyu ba ta kai kuɗin tayil ɗin ɗaki guda ba.

Dutse, leda da kankare

A kan cikon da ya zauna ake jera fasasshen dutse, kaurin kimanin santimita 15. Dutse ba wahalar samu yake yi ba a yankin da duwatsu suka fito ko'ina. Amfaninsa biyu: yana ƙara ƙarfi, kuma gurabun da ke tsakaninsa sun yi faɗin da ruwa ba ya iya hawa ta cikinsu. Sai a rufe shi da yashi santimita 3 zuwa 5 don kada kaifinsa ya huda leda. A wannan mataki ne ake fesa maganin gara, ba bayan an ga shurinta a gindin ƙofa ba.

Leda ita ce mafi araha a duk hawan, ita ce kuma aka fi rainawa. Wadda ake nufi mai kauri ce, milimita 0.25 zuwa 0.3, ba siririyar da ake shanya barkono a kai ba, wadda takun lebura ɗaya ke yagawa. Inda biyu suka haɗu a ɗora ɗaya kan ɗaya aƙalla santimita 15 a liƙe, gefunanta kuma su hau bango su sadu da shingen danshin da magina ke kira difisi. Nan ne ake yawan kuskure. Leda ta tsaya a gindin bango, ruwan da ta tare ya zagaya ya shiga bulo. Daga nan fenti ya fara ɓamɓarewa, sai a kawo shawarar a manna tayil a bangon zuwa ƙugu. Tayil ɗin ya rufe hanyar fita, danshi ya ƙara hawa ya ɓullo a samansa. Ana ganin wannan a gidaje da masallatai da yawa, kuma kuɗi ne aka kashe aka ɗaga ciwo daga gwiwa zuwa ƙirji. Game da tsayin daɓe, mafi ƙarancin abin da ake nema shi ne ya ɗara ƙasar waje da santimita 15. A ganina, a unguwar da ba magudanar ruwa, inda kowane maƙwabci ke ƙara ciko a ƙofar gidansa kowace shekara, santimita 30 zuwa 45 ya fi kwanciyar hankali.

Sai kankare. Hanya mafi inganci ita ce wadda ake kira jaman fulo: a zuba kankare mai kaurin santimita 10 zuwa 15 a kan dukkan filin gidan, har da kan bangon harsashi, kafin a ci gaba da ɗora bulo. Da yawa suna tsallake shi saboda tsadar siminti, musamman tun da buhu ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Sai a ɗaga gini a yi rufi, daga baya a bi ɗaki-ɗaki da shafen siminti da yashi na santimita 3 ko 4 kai tsaye a kan ciko, ba tsakuwa, ba leda. A kan wannan ɓawon ake ɗora tayil mai tsada.

Ya kamata a dubi ainihin abin da ake gudu. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 murabba'in mita 13 ne. Kankaren santimita 10 a cikinsa zai ci buhun siminti kusan 6 idan aka yi haɗin buhu ɗaya da kwanon sarki 6 na yashi da 12 na tsakuwa, ko kusan buhu 8 a haɗin da ya fi ƙarfi, na kwano 4 da 8. Wannan ɗaki zai ci kwali 10 na tayil mai santimita 60 da 60, tunda kowane kwali guda huɗu ne. Wanda kuɗinsa ba zai kai duka biyun ba, ya sauko zuwa tayil na gida mai matsakaicin farashi, irin wanda ake yi a Ajakuta ko jihar Ogun, ya sa rarar a kankare. Ana cewa araha ba ta ado, to amma a nan adon ne ya kamata ya yi araha. Inda ciko ya yi zurfi ko filin ya kusanci fadama, a sa ragar ƙarfe a tsakiyar kaurin kankaren, a ɗage ta a kan 'yan duwatsu, ba a bar ta kwance a kan leda ba. Raga ba ta hana tsaga, tana hana ta buɗe baki ne.

Abu biyu ke kashe kankare mai kyakkyawan haɗi. Ɗaya ruwan da leburori ke ƙarawa don ya yi sauƙin kwasa, wanda ke rage ƙarfi ya ƙara tsukewa. Ɗayan rashin ban ruwa. Siminti ba bushewa ke sa shi tauri ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma yana buƙatar ya zauna a jiƙe aƙalla kwana 7, ya kai cikakken ƙarfin da ake auna shi da shi a kwana 28.

Abin da ke riƙe tayil

Yawancin masu tayil a yankin suna bin tsohuwar hanya: su baza kwaɓin siminti da yashi mai ɗan danshi, kaurin santimita 3 zuwa 5, su daidaita, su kwarara ruwan siminti mai kauri, su ɗora tayil ɗin da suka jiƙa a ruwa, su bubbuga da gudumar roba. Hanyar ba ta da laifi a kan tayil ɗin da aka ƙirƙiro ta dominsa, wato mai jan baya ko mai shan ruwa, wanda siminti ke shiga kafofinsa ya kama. Matsalar ita ce kasuwa ta canja, hannu bai canja ba. Tayil mai santsin gilashi da ake yayi yanzu an gasa shi har ya toshe, bisa ma'aunin duniya ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyinsa ba. Jiƙa shi aikin banza ne, siminti zalla kuma ba ya samun abin kamawa. Zai zauna shekara ɗaya ko biyu da nauyinsa, sannan ya saki. Idan aka ɗaga irin wannan, za a ga bayansa fes, kwaɓin kuma na nan a ƙasa da zanen bayan tayil a jikinsa.

Irin wannan tayil gam yake so, wato siminti na musamman da aka haɗa da sinadarin roba, a kan fuskar da aka riga aka daidaita. Ke nan sai an fara yin shafen daidaitawa, buhu ɗaya da kwanon sarki 6 zuwa 8 na yashi mai kaifi wanda ba laka a ciki, a bar shi ya yi ƙwari. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai mita 2, kada ratar da ke ƙarƙashinsa ta wuce milimita 3. Sannan a shafa gam da cokali mai haƙora, layukan su fuskanci gefe ɗaya, a shafa siririn gam a bayan babban tayil, a danna a ɗan goga. Ɗigo biyar da wasu ke yi, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, shi ne uwar holoƙo. Ana son gam ya taɓa aƙalla kashi 80 cikin 100 na bayan tayil a ɗaki, 95 a banɗaki da waje. Mai gida ba ya buƙatar na'ura don ya tabbatar. Ya ce, "Malam, ɗaga mini wannan da ka sa yanzu in gani." Mai aikin da ya san abin da yake yi ba zai ji haushi ba. Ya dace a tuna kuma cewa ana biyan mai tayil ne da yawan mitar da ya shimfiɗa, don haka tsarin biyan da kansa yana tura shi ga sauri. Wanda yake son a tsaya a gyara masa ƙasa, ya yi cinikin wannan aiki daban.

Saura wurin motsi. Kankare yana tsukewa yayin da yake bushewa, abin da zai iya kai rabin milimita a kowace mita, ke nan kusan milimita 3 a falo mai mita 6. Tayil ba ya bin sa. Haka kuma zafi da sanyi ba sa motsa su daidai da juna, ga shi a nan daren hunturu kan sauka ƙasa da digiri 15, ranar bazara ta haura 35, tayil ɗin da ke rana kuwa ya fi haka nesa. Idan an matse tayil da bango ta kowane gefe, aka kuma haɗa su baki da baki don kada a ga layi, ƙarfin ba shi da mafita sai sama. Maganin kusan kyauta ne: tazarar milimita 6 ko fiye a jikin bango, wadda sikatin, wato jerin tayil na gindin bango, zai rufe, layin milimita 2 zuwa 3 tsakanin tayil da tayil, da layi mai cikon roba a bakin ƙofofi da manyan filaye. Ƙa'idar gini ta Ingila ta sa shi duk mita 8 zuwa 10 a cikin gini, ta Amurka duk mita 6 zuwa 7 da rabi, a inda rana ke duka kuwa kimanin mita 2 da rabi zuwa 3 da rabi. Masallatan Juma'a, dogayen barandu da tsakar gida su ne suka fi buƙatarsa, su ne kuma aka fi shimfiɗewa tun daga wannan bango har wancan ba yanka ko ɗaya.

Matasan masu tayil suna kallon bidiyon aikin Turai da Amurka a YouTube, suna ganin allunan siminti da ake ɗaurewa da ƙusoshi, da wata tabarmar roba mai ruwan lemo, DITRA, wadda kamfanin Schlüter na Jamus ya fito da ita a 1987. Allunan an yi su ne domin gidajen da daɓensu katako ne, ba su da wani aiki a kan kankare. Tabarmar kuwa tana raba tayil da motsin gefe na abin da ke ƙasa, tana da amfani a kan bene ko sabon kankare, amma ba ta ɗaukar nauyin cikon da ya lotsa. Dabarar da ke cikinta ana iya samunta da kayan kasuwar Funtua: a kan tsohon daɓe mai ƙananan tsagu, a shimfiɗa leda, a zuba shafe mai kaurin aƙalla santimita 5 da raga a ciki, yadda na sama ba zai manne da na ƙasa ba. Banɗaki kuma, musamman na bene, yana son gangaren santimita 1 zuwa 2 a kowace mita tun daga shafe, da maganin hana yoyo wanda ya hau bango, a tara ruwa a ciki kwana guda a gani kafin a rufe.

Nauyin gidan manomi

Littattafan gini suna ƙiyasta nauyin ɗakin zama a kan kilo 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita. Ba su san gidan manomin Ɗandume ko Bakori ba. Da kaka, ɗakin baƙi ko shagon ƙofar gida yakan koma sito. Buhun masara mai kilo 100, a jera goma a kan juna, tan guda ke nan a kan wurin da bai kai murabba'in mita ɗaya ba, ninki biyar ko fiye na abin da aka ƙiyasta, kuma galibi a jikin bango ake jerawa, daidai inda ciko ya fi rauni. Ga takin zamani, wanda wasu nau'o'insa, musamman masu sinadarin amoniya, ke cin siminti idan suka sha danshi. Ga babur da ake shigarwa zaure, ga turmi. Duk ɗakin da aka san zai ga buhu, a yi masa kankaren santimita 15 da raga, a ɗora kayan a kan katako. In da za a bi tawa, sito da wurin daka ba sa buƙatar tayil sam, kankare mai kyau da aka goge ya fi musu.

Watan da ake aiki

Kuɗin gini a wannan yanki daga gona yake fitowa, saboda haka kalandar gini tana bin ta amfanin gona. A sayar da masara da waken suya daga Nuwamba, a sayi siminti, a yi ciko a Disamba, a sa tayil a Janairu ko Fabrairu don a kai ga biki. Ta fuskar aiki wannan shi ne mafi munin jeri. Marmara ta bushe ƙurmus, ruwa ya yi tsada har ana ƙirga jarkar 'yan garuwa, danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Kankaren da aka zuba da safe, kafin azahar iska ta zuƙe fuskarsa. Gam ɗin da aka rubuta zai jira minti 20 a buɗe, yana yin fata kafin haka. Komai yana kama da ya yi, domin ƙasa ba ta ga ruwa ba tukuna. Sai Agusta ta zo.

Ƙa'idar Ingila ta nemi a bar sabon kankare mako 6 kafin a ɗora masa wani abu, shafen daidaitawa kuma mako 3. Akwai gwajin da kowa zai iya: a yanki farar leda santimita 45 da 45, a liƙe gefunanta huɗu a kan daɓen, a bar ta ta kwana, aƙalla awa 16. Idan da safe an ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, lokaci bai yi ba.

Abin da nake ganin ya fi dacewa da yankin shi ne a mayar da ginin kaɗan-kaɗan, wanda ake ɗauka rashi ne, ya zama tsari. Mutane da yawa dama shekara biyu ko uku suke yi suna gini. To a kakar farko a yi harsashi da ciko hawa-hawa, a bar shi a buɗe ya sha damina guda, ruwan sama ya nuna duk inda zai lotsa. A ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, ƙasa na da sauran danshi, rijiyoyi cike, a cire ciyawar da ta tsiro da saiwarta, a cike guraben, a sake daɓewa, a sa dutse da leda a zuba kankare. Kuɗin simintin wannan lokaci yana nufin a riƙe wasu buhunan hatsi har tsakiyar damina, lokacin da galibi farashi ya fi na kaka. Tayil ya zo bayan sabuwar kaka. Idan dole ta sa a zuba kankare da hunturu, a yi da yamma, a rufe shi da buhunan algarara jiƙaƙƙu ko leda, a toshe tagogi, a sa kuɗin ruwan mako guda cikin lissafi tun farko.

Inda abin ya fi wuya shi ne ɗakin amarya. An sa rana, dangin amarya za su zo jere, ango ba ya son a shigo a ga siminti tsirara, mai tayil kuma ya ce, "Alhaji, ai tayil zai rufe komai." Ba a fafe gora ranar tafiya, amma akwai mafita da ba ta zubar da mutuncin kowa: a yi kankare da shafe yadda ya kamata, a shimfiɗa kafet ko ledar ɗaki a shekarar farko, a ajiye kwalayen tayil a tsaye a wuri busasshe. Sai dai a gaya wa birkila tun farko kada ya goge shafen da garin siminti har ya yi santsi, ya bar shi da ɗan kaushi na cokalin katako, domin gam ba ya kama fuskar da aka goge, kuma sassaƙe ta daga baya aikin kwana biyu ne da ƙura. Bayan damina a janye gado da kujeru, a ƙwanƙwasa ko'ina, a yi gwajin leda a kusurwa biyu da tsakiya, a toshe duk tsagar da ta fito, sannan a kira mai tayil.